Takardar Shanu Hamsin

Kano, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Kaka Ɗanasabe, tsohon hedimasta, shugaban masu gaba da waya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Iya Zuwaira da duk mutanen Kiru. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya ƙalau. Kakata Kande ta ce in gaida ɗan ƙanen babanta, in kuma tambaye shi ko har yanzu shi kaɗai ne manomi a duniya.

Tunda ka ce kunnenka ya yi ritaya rana ɗaya da kai, ga shi na biyo ka da biro da takarda. Ɗayyabu direba ya yarda zai riƙa kai maka duk ranar da ya yi lodin Kiru.

Kaka, mun shiga aji biyu, an fara mana dokar yarjejeniya, kuma wallahi ta shiga raina. Ranar farko malamarmu, Dakta Safara'u, ta shigo da albasa guda a hannu, ta ɗora a kan tebur, ta ce, "Ga albasa na kasa a kasuwa. Wa ya yi tayi?" Duk muka ce ita. Ta ce mun faɗi gaba ɗayanmu. Wai mai kasa kaya kira kawai yake yi a zo a taya. Wanda ya tsuguna ya ce "na saya kaza", shi ne ya yi tayi. In mai kaya ya ce "albarka", tayin ya mutu. In ya ce "na sallama", shi ke nan an ƙulla, kowa ya ɗaure kansa. Daga nan sai a duba ko kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin abin da zai samu. Ka ga ashe abin da kuke yi a kasuwar Kiru tun kafin a haifi babana, shi ake koya mana da Turanci muna ta rubutawa.

Yanzu ko'ina na duba yarjejeniya nake gani. Jiya na tsayar da mai adaidaita sahu, na fara yi masa bayanin wa ya yi tayi tsakanina da shi, ya ce, "Hajiya, za ki hau ko in wuce?"

Ga abin da ya kawo ni. An ba mu jinga, kowa ya kawo misalin yarjejeniya ta gaske daga gidansu, a feɗe ta a aji. Babana ma'aikacin ofis ne, ba shi da labari mai daɗi. Kai ne tsoho, ka tono mini ɗaya.

Jikarka,
Hamdiyya

Kiru, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Barista Hamdiyya, wadda ko ƙofar makarantar lauyoyi ta Bagauda ba ta taka ba tukuna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na gyara miki waƙafi uku da jan biro, hannu ya riga ya saba. Gwiwa da sauƙi. Zuwaira tana gaishe ki. Ki faɗa wa Kande ta zo ta ga dawata ta bana, sannan mu yi maganar manoma.

Kin nemi labari, ga shi. Akwai wani Bafulatani, Adamu, rugarsu tana can ƙasar Doguwa. Shekara talatin da takwas ke nan muna abu ɗaya da shi. Idan dawa ta fara nuna, sai matarsa Ummulkhairi ta aiko da ƙwarya cike da man shanu. Ba saƙo, ba magana, ƙwaryar ce maganar: muna tafe. Ni kuma in mayar da ita da kanwa da goro a ciki, wato ku zo. Da an kwashe dawa sai ya koro garkensa su sauka a gonata ta bakin rafi. Shanu su ci kara da karmami da harawa, su sha a rafi, su kwana a gonar, yana matsar da makwancinsu daga wannan kusurwa zuwa waccan har ƙasar ta yi baƙi da taki. Ba na biyansa, ba ya biyana. Sirrin dawar da kakarki take jin haushi ke nan.

Garken nasa kuwa, in ya taso sai ya rufe hanya, 'yan acaɓa su tsaya suna ta mita. Kowace saniya ya san ta da sunanta. Ranar da aka haifi babban ɗana, Adamu ne ya kawo ragon suna. Ranar da mahaifinsa ya rasu, ni na shiga kabari na karɓe shi.

Man bana ya iso shekaranjiya. Ƙwaryar tana nan ban mayar ba, sai mun haɗu ranar kasuwa a Kwanar Dangora. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ke ɗan sosa mini rai. Takin zamani ya yi tsadar da kowa ya tuna da kashin shanu. Maƙwabcina na gona, Ɗanmaraya, wanda a da yake toshe hanci in zai wuce, an ce sau biyu ana ganinsa a hanyar Doguwa da buhun dusa a bayan babur. Adamu na san shi, zamanin ne ban sani ba.

To Barista, a feɗe. Wa ya yi tayi, man shanu ko kanwa?

Kakanki,
Ɗanasabe

Kano, 22 ga Oktoba

Kaka mai jan biro,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta ƙara sauƙi. A cikin waƙafi ukun da ka gyara, biyu daidai suke, amma na bar maka don girma.

Labarinka ya yi daɗi, har 'yan ɗakinmu na karanta wa. Man shanu shi ne tayi, kanwa ce amincewa, kara da taki kuma su ne abin da kowa ya bayar. Amma Kaka, hankalina ya tashi. Shekara talatin da takwas, babu ko layi ɗaya a rubuce? In gobe Ɗanmaraya ya janye shi, da me za ka tsaya gaban alƙali, da ƙwarya? Ba ranar zuwa, ba ranar tafiya, ba a faɗi shanu nawa ba, ba shaida. Ni da kaina na gani a littafi cewa yarjejeniyar da ba ta fayyace ba, kotu ba ta iya tilasta ta.

Don haka na zauna na tsara maka takarda, ga ta nan a ciki, kwafi biyu, da Hausa don kowa ya ji. Na sa cewa Malam Adamu zai iso cikin kwana bakwai bayan an kwashe dawa, zai yi wata biyu, kuma ba zai kai shanu gonar kowa ba a tsakanin. Na sa cewa shanun ba za su gaza hamsin ba. Tunda ka ce garken yana rufe hanya, na ga hamsin ko rabinsa bai kai ba, don kada a ce mun matsa masa. A ƙasa akwai wurin sa hannunka, da inda zai dangwala yatsa, da na shaidu biyu.

Wannan ce yarjejeniyar farko da na taɓa rubutawa a duniya. Ka adana kwafinka da kyau, wata rana in na zama babbar lauya sai an zo nemansa. Ladan aikina kwalba ɗaya ta man nan, kada Iya Zuwaira ta ƙarar da shi a miya.

Lauyarka,
Hamdiyya

Kano, 29 ga Oktoba

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa a gurguje, da fatan kowa lafiya. Don Allah don Annabi, takardar nan da na aiko, kada ka kai ta. Ka tura ta ƙarƙashin tabarma ka zauna a kai.

Yau na gabatar da jingata a aji, ina ta ƙafafa, har da ɗaga kwafin takardar sama. Dakta Safara'u ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Wa ya ce miki sai an rubuta ake ƙulla yarjejeniya?" Ashe darasin mako mai zuwa ne, ni na riga malam masallaci. Ta ce yawancin yarjejeniyoyi da baki ake ƙulla su, wasu ma da aiki kawai, kuma abin da mutum biyu suka yi shekaru suna yi iri ɗaya, shi kansa yana nuna abin da suka amince a kai. Wai ƙwaryarku ta fi takardata tsari. 'Yan aji suka yi ta dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Na biyun shi ya fi tayar mini da hankali. Ta ce in an yi maka tayi, ka amsa da sababbin sharuɗɗa, to ba amincewa ka yi ba, sabon tayi ka yi, kuma ka kashe na farko. Ta ba mu labarin wata tsohuwar shari'a a Ingila. Mai gona ya ce zai sayar a kan fam dubu, mai saye ya taya ƙasa da haka, aka ƙi, sai ya dawo ya ce to ya yarda da dubun. Kotu ta ce babu sauran tayin da zai yarda da shi, ya riga ya kashe shi da bakinsa. Kaka, Malam Adamu ya aiko da mai. In ka haɗa masa da takardata, "albarka" ka ce masa ba ka sani ba.

Na kira wayar Iya Zuwaira, ashe tana Bebeji wajen jegon 'yarku, ta tafi da wayar gidan, ta ce sai an yi arba'in za ta koma. Shi ya sa na garzaya tasha na damƙa wa Ɗayyabu wannan hannu da hannu. Ya ce gobe da safe tana wurinka.

Ana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, yau na ji shi a wuyana. Ka mayar da ƙwaryar da kanwa da goro kawai, kamar yadda ka saba.

Hamdiyya

Kiru, 4 ga Nuwamba

Babbar lauya,

Sallama da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ban da tuwon maƙwabta da nake ci tunda Zuwaira ta tafi Bebeji. Kwana biyu ba a ga motar Ɗayyabu ba, don haka na ba Nazifi mai albasa wannan, shi ma duk mako yana shiga Kano.

Albishirinki! Takardarki ta fita kunya. Ranar kasuwa na sa babbar rigata, na ɗauki tabarau da 'yar tawadar hatimi da na taho da ita daga makaranta, na tafi Kwanar Dangora. Na sami Adamu a rumfar mai shayi inda muka saba haɗuwa. Ya ɗan rame, kuma shi kaɗai ya zo ba tare da 'ya'yansa ba, amma tsufa ya fara taɓa mu duka. Muka gaisa, na miƙa masa ƙwarya da kanwa da goro, sannan na ce, "Bana akwai ƙari." Na kira mai shayi da wani dillali su zama shaidu, na miƙe na karanta da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa. Kafin in kai rabi mutane sun taru, har wani yana cewa ko a kotu sai haka.

Adamu yana tsaye da sandarsa a kafaɗa yana saurare. Da na zo kan shanu hamsin sai ya sauke sandar ya dogara ta. Da na gama ya ce, "Malam, wa ya rubuta?"

Na ce, "Jikata ce, lauya take karanta."

Ya ce, "Allah ya yi mata albarka."

Na miƙa masa tawada, ya ce, "Yatsa ba ya gudu, Malam." Ya ninke kwafinsa a hankali, ya cusa cikin hula, ya ce to madalla, ya ɗauki ƙwaryar ya tafi. Ko shayinsa bai ƙarasa ba. Na ɗaga murya na ce masa in ban ji komai ba zuwa Juma'a, na ɗauka ya yarda. Juma'a ta wuce, ban ji komai ba.

Kin san su da kunya, ba sa cewa "na yarda" a gaban jama'a, kuma mu a nan shiru ma amsa ce. Yanzu sai Ɗanmaraya ya kai dusarsa wani wuri. Dawa ta kusa, nan da mako biyu za mu sa lauje. Na ware miki kwalbarki.

Kakanki da ya yi dacen jika,
Ɗanasabe

Kano, 8 ga Nuwamba

Kaka,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Nazifi yana tsaye a bakin get yana jirana, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Innalillahi! Ashe wasiƙata ta ashirin da tara ga Oktoba ba ta iso ka ba. A cikinta na roƙe ka kada ka kai takardar, don malamarmu ta nuna mini kuskure na yi. Ba ku buƙatar ta, kuma sababbin sharuɗɗan da ke cikinta sun kashe tayin da ya yi maka da man shanu. Yanzu mu ne masu tayi, shi ke da e ko a'a.

Maganar Juma'a kuwa, Kaka, shiru ba amincewa ba ne. Jiya-jiyan nan aka koya mana. Wani Bature ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa cewa yana son dokinsa, in bai ji komai ba zai ɗauka dokin ya zama nasa. Ɗan ɗan'uwan bai amsa ba, aka sayar da dokin ga wani bisa kuskure, kotu ta ce baffan ba shi da doki, don ba ka da ikon ɗora wa mutum yarda saboda ya rufe bakinsa. To wannan ma jininsa ne.

Mutumin da ya bar shayinsa ya tafi, ni bai yi mini kama da wanda ya yarda ba. Don Allah ka je Doguwa ka same shi. Ka rubuto mini da wuri, hankalina ba a kwance yake ba.

Hamdiyya

Kiru, 12 ga Disamba

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zuwaira ta dawo, mai jego da jariri lafiya. Kin ji ni shiru, ba fushi ba ne, kunya ce.

Da wasiƙarki ta dokin Bature ta zo, dariya na yi, na ce yarinya za ta koya mini Adamu. Muka kwashe dawa, ta yi albarka. Na bar kara a gona, na tara harawa, na gyara mashaya a bakin rafi. Kwana bakwai suka wuce, sha huɗu suka wuce. Yau kwana ashirin da biyu. Kullum da hantsi sai in je in zauna a gindin tsamiya ina kallon hanyar Doguwa, in ga ƙura ta taso in miƙe, ashe mota ce. Ɗanmaraya ma da na zarga, gonarsa fayau take. Shi ya zo yana tambayata ina mutumina bana.

Jiya sai ga Ɗayyabu da wasiƙarki ta ƙarshen Oktoba, duk ta sha baƙin mai. Wai giyar mota ce ta lalace masa a Kwanar Dangora, aka ja motar zuwa gareji a Tudun Wada, ta yi mako shida a can da takardar a cikinta. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, ban kuma nemi jan biro ba.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke a birni kika tashi, ba ki san ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa ba, shi ma ba ya faɗa, ko ga amininsa. Ni na sani. Ɗan aji ɗaya a Kiru ya sani. Shekara talatin da takwas ban taɓa ɗaga yatsa na ƙirga garkensa ba, sai ga ni na tsaya a tsakiyar kasuwa da babbar riga ina yanka masa adadi a gaban dillalai, don kawai a ce jikar Ɗanasabe lauya ce. Garin neman gira na rasa ido. Da na ba Zuwaira labari, salati kawai ta yi ta shige ɗaki.

Masu kiwon raguna sun zo sau uku suna son karan da harawar, na ce ba na sayarwa ba ne. Sun ce in na bari wuta za ta ci ko gara, na ce ta ci. Takin bai dame ni ba, Hamdiyya. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce mutumin da na binne wa uba ya tafi da ɓacin raina a hularsa, kuma daga ni har shi ba mu da sauran shekaru masu yawa na gyara. Mako mai zuwa, in gwiwa ta bari, zan tafi Doguwa.

Kakanki,
Ɗanasabe

Kano, 15 ga Disamba

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Iya Zuwaira, barka da dawowarta. Na karanta wasiƙarka a bayan ɗakin karatu, na yi kuka har wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ka ce kada in ɗora wa kaina, amma ko a dokar da nake karantawa ban kuɓuta ba. Janye magana ba ta aiki sai ta isa hannun wanda aka aika wa. Tawa kuwa tana gareji tana shan mai lokacin da kake karatu a kasuwa.

Abu ɗaya na samo a littafin nan da zai yi amfani, shi ma sai da na tambayi Dakta Safara'u tukuna, na daina yin gaba da malamai. Ta ce tayin da ya mutu ba ya tashi, amma babu abin da ya hana mutum ya yi sabo. Ka je ka yi masa sabo da bakinka, ba sharaɗi ko ɗaya. Ka ce masa wata yarinya ce mai rawar kai ta rubuta, kuma tana neman gafara.

Jarrabawarmu ranar Litinin. Ka yi mini addu'a, ni ma ina yi maka ta hanya.

Jikarka,
Hamdiyya

Kiru, 27 ga Disamba

Barista Hamdiyya,

Sallama da gaisuwa, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Muna lafiya, gwiwa ta kumbura amma ta kai ni ta dawo da ni. Nemi wuri ki zauna, labarin da tsawo.

Na hau mota zuwa Tudun Wada, na sake wata zuwa Doguwa, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ruga, yana faɗa wa kowane rami kamar da gayya. Ummulkhairi ta tare ni da murna, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura da kindirmo. Adamu ba ya nan, ta ce ya fita tun safe. Ina zaune la'asar ta yi, sai ga shanu sun dawo daga kiwo. Na yi ta jiran sauran su ɓullo, ban ga kowa ba. Garken da na sani yana rufe hanya, yanzu inuwar ɗorawa guda ta ishe shi.

Ummulkhairi ta ga inda idona yake, ta sunkuyar da kai ta faɗa mini. 'Ya'yansu biyu sun ware nasu sun yi kudu tun bazara. Da damina kuma ciwon huhu ya shiga abin da ya rage.

Can sai ga Adamu, ƙafa duk ƙura. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na fara jero ban haƙurin da na shirya tun daga Kiru, har da naki, sai ya ɗaga hannu. Ya cire hula ya zaro takardarki, ta yi laushi saboda ninki.

Ya ce, "Malam, ni ban yi fushi ba. Takarda ba ta zage ni ba. Ta ce hamsin, ni kuwa ba ni da hamsin. In na sa yatsa na yi maka ƙarya. In na ce ba ni da su, na faɗi abin da ba a faɗa a kasuwa. Sai na taho."

Na ce, "To me ya hana ka aiko?"

Ya ce, "Ai neman cikon nake. Na zaga rugagen dangi har bayan Tudun Wada, ina roƙon a ba ni aron shanu na wata biyu. Wasu sun yi alkawari. Saura kaɗan, Malam. Ka ƙara mini mako biyu, zan kawo maka hamsin ɗinka."

Hamdiyya, mako bakwai tsohon nan yana yawo da ƙafa gida gida, yana buɗe sirrinsa ga dangi, don ya cika layi ɗaya na takardar da ko hannu bai sa mata ba. Ni ina gindin tsamiya ina zarginsa da fushi, kafin nan na zarge shi da bin buhun dusa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a gaban matarsa kuwa.

Na karɓi takardar na sa a aljihu. Na ce, "Adamu, na janye wannan. Ga magana sabuwa. Ka zo da abin da Allah ya bar maka, ko saniya ɗaya ce. Ka zo ranar da ka ga dama, ka tafi ranar da ka ga dama. Ba taki ne ya hau da ni acaɓa da wannan gwiwar ba."

Sai ya ce, "Mi yetti," wato ya gode. Bai ce zai zo ba. Ni kuwa tunda kin koya mini shiru ba yarda ba ne, haka na dawo gida zuciyata a rataye.

Ranar Talata bayan sallar asuba na leƙa gona, sai na tarar da shi yana ɗaure 'yan maruƙa a gindin tsamiya, Ummulkhairi tana hura wuta, shanu sun duƙufa a kan karmami. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Malam, mashayar nan taka ta yi santsi, a zuba yashi." Ki tambayi malamarku ko wannan ya isa amincewa. Adamu ya ce bana ba zai tashi ba sai ruwan farko ya sauka, don kaɗan ɗin su yi aikin masu yawa.

In an ba ku hutu ki zo. Ya ce a kawo masa lauyar ya gan ta, wai yarinyar da ta hana tsofaffi biyu sukuni da takarda ɗaya za ta yi nisa. Idan kin shiga gonar ki durƙusa ki gaishe shi, ki gaida Inna Ummulkhairi, ki yaba kyan shanun in kina so. Amma kada ki ƙirga. Ni ma kullum ina can tun safe har rana ta yi zafi, kuma har yau ban san ko nawa ne ba.

Kakanki,
Ɗanasabe